Sarewar Makiyayi: Yadda Aka Sa Zanen Tawada Ya Yi Tafiya a Ƙasar Sin

Gaisuwa ga waɗanda ke mashekari, an gama tatsa, an ɗaure maruƙa a dangwali, rediyo na rataye a reshe. Gaisuwa ga fatake da direbobin da suka kwana a bakin iyaka suna jiran gari ya waye a ɗage shinge. Sannunku da aiki, sannunku da hanya.

Yau hirarmu za ta kai mu nesa, har ƙasar Sin. Amma kada nisan ya dame ku, domin labarin wani ɗan kiwo ne da dabbarsa ta ɓace masa. Ina jin a cikinku babu wanda bai san wannan faɗuwar gaba ba.

A shekarar 1963, wata ma'aikatar shirya fina-finan zane ta gwamnati da ke birnin Shanghai ta fitar da wani gajeren fim mai tsawon kamar minti 20. Idan muka juya sunansa da Hausa, sai mu ce Sarewar Makiyayi. Fim ne na zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun, sai dai bai yi kama da katun ɗin da kuka saba gani a wayoyin yara ba. Daga farkonsa har ƙarshensa babu wanda ya furta kalma ɗaya. Busa ce kawai, da kiɗa, da zane.

Ga yadda labarin yake. Yaro ne yake bisa bayan ɓaunar ruwa yana busa sarewa. Wannan ɓauna ba irin ta dajinmu mai faɗa ba ce. Ta gida ce, da ita manoman kudancin Sin ke huɗar shinkafa a cikin taɓo, kuma yara ke kiwonta kamar yadda yaranmu ke kiwon shanu. Suka ƙetare rafi, yaro ya hau bishiya don ya huta, barci ya kwashe shi. A cikin mafarki sai ya ga ɓaunarsa ta bi malam-buɗe-littafi ta shige daji. Ya sauko ya bi sawu. Ya tambayi masunci, ya tambayi masu itace, kowa na yi masa nuni da hannu. Daga ƙarshe ya same ta tsaye a gaban wani ruwa mai gangarowa daga saman dutse, ta ƙura masa ido, sautin ruwan ya tafi da hankalinta. Ya ja ta, ta ƙi motsi. Da dabara ta ƙare masa, sai ya shiga cikin gora ya yanko kara ɗaya, ya fafe shi ya yi sarewa, ya fara busa. Tsuntsaye suka taru suna saurare. Can sai ga ɓauna ta juyo da kanta ta nufo shi. Yaro ya farka, ya hau dabbarsa, suka nufi gida ta tsakanin gonakin shinkafa da yamma.

Wanda ya taɓa kiran garke da murya ko da sarewa ya san abin da fim ɗin ke faɗi. Dabbar da igiya ta kasa juyowa, sabo yakan juyo da ita.

To, abin da ya sa duniya ta yi mamakin wannan fim shi ne irin zanensa. Akwai wurin da ɓaunar ta shiga rafi da yaro a bayanta. Abin da ake gani kawai shi ne kanta, da ƙahonta, da doron bayanta. Ruwan kuwa ba a zana shi ba sam. Farar takarda ce aka bari. Amma duk wanda ya kalla zai rantse ya ga ruwa, har ya ji sanyinsa. Ku da kuka ga shanu na ƙetare kogi da damina, ko kuka ga shanun Kuri na iyo tsakanin tsibiran tafkin Chadi, kun san haka abin yake: hanci, ƙaho da doro, sauran jiki ruwa ya rufe. Mai zanen ya san haka, shi ya sa ya bar wa idon mai kallo ya cika sauran.

Wannan salo tsoho ne ƙwarai a Sin, ya haura shekara dubu. Da yarensu sunansa ruwa da tawada, domin su ke nan kayan aikin. Tawadar tasu kuwa 'yar'uwar tawadar allo ce. Namu malaman kan haɗa gawayi ko kunkunniya da ƙaro. Su kuma suna tara kunkunniyar hayaƙin wani itace ko na mai, su kwaɓa ta da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, su busar da ita sanda-sanda. In za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi, a yi ta goga sandar har tawada ta fito. Alƙalaminsu na gashi ne, galibi gashin akuya ko na zomo ko na wata ƙaramar dabbar daji, a ɗaure shi a bakin karan gora. Takardar da suka fi ji da ita ana yin ta ne a lardin Anhui, da ɓawon wata bishiya da karan shinkafa. Takarda ce mai shan ruwa. Da zarar alƙalami ya taɓa ta, tawada sai ta bazu.

A nan gwanintar take. In aka cika ruwa, tawadar ta fito fari-fari kamar hazo. In aka rage ruwa, ta fito baƙi ƙirin. Gwani yakan ɗebo mai kauri a tsinin alƙalami da mai ruwa a gindinsa, ya yi shafa ɗaya, sai ga cinyar dabba ta fito da duhunta da haskenta. Kuma ba a gogewa, ba a gyara. Hannu ya kuskure, takarda ta tafi.

Masu zane biyu ne suka zama iyayen waɗannan fina-finai. Na farko shi ne Qi Baishi, wanda aka haifa a 1864 ya rasu a 1957. Ɗan talakawa ne daga lardin Hunan. Ya yi kiwon shanu yana yaro, ya yi sana'ar kafinta, sannan ya zama mai zane. Ya yi suna wajen zana ƙananan halittun ruwa: jatan lande, ƙaguwa, kwaɗi, kifi. Yakan ajiye jatan lande masu rai a cikin kwano kusa da shi yana kallonsu. Da ya yi shekaru yana zana su, sai ya riƙa rage yawan ƙananan ƙafafunsu a zane, kuma duk da ragin sai suka ƙara kama da masu rai.

Na biyu almajirinsa ne, Li Keran, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1989. A farkon shekarun 1940, lokacin yaƙin Sin da Japan, ya zauna a wani ƙauye kusa da birnin Chongqing, ɗakinsa na maƙwabtaka da garken ɓauna. Dare da rana yana jin numfashinta da tuƙarta, yana kallon yadda take kwanciya da yadda take tashi. Daga nan ya kama zanen ɓauna da yara makiyaya, bai kuma daina ba. Har ɗakin aikinsa ya raɗa wa suna, ma'anarsa zauren da ake ɗaukar karatu a wurin sa. Ku ji fa, babban malami a jami'ar zane ta Beijing yana cewa dabbar noma ce malamarsa. Ɓaunar da ke cikin Sarewar Makiyayi a kan zanensa aka yi ta.

Yanzu bari mu zo ga matsalar. Fim dai hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A majigi, hoto 24 ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya. A minti ɗaya ke nan 1,440, a minti 20 kuwa 28,800. Ko da an maimaita kowane zane sau biyu, kamar yadda masu wannan sana'a kan yi, dubbai ne za a zana. A katun na yau da kullum abin da sauƙi: a ja layi baƙi a kewaye jikin dabba, a cika ciki da launi ɗaya. Mutum ɗari za su iya bin wannan layi, zanensu ya fito iri ɗaya. Shi kuwa zanen ruwa da tawada ba shi da layin gefe, kuma tawada ba ta bazuwa iri ɗaya sau biyu. In ka zana ɓauna sau dubu a kan wannan takarda ka jera, abin da za a gani a majigi shi ne baƙin abu yana ɓari yana ƙyaftawa. Shi ya sa aka daɗe ana ganin abin ba zai yiwu ba.

Ma'aikatar Shanghai an kafa ta ne a 1957, shugabanta kuma wani mai zane ne da ake kira Te Wei. Burinsa shi ne su daina kwaikwayon katun ɗin Amurka da na Rasha, su yi abin da ya yi kama da nasu na gida. A farkon 1960, mataimakin firayim minista Chen Yi ya ziyarci wani baje kolin ayyukansu a Beijing, ya nuna fatan a ce wata rana zanen Qi Baishi ya yi motsi. Matasan ma'aikatar, ciki har da wani mai zane da ake kira A Da da wata mai ɗaukar hoto Duan Xiaoxuan, suka duƙufa gwaji. Cikin 'yan watanni suka gano hanya.

Dabarar tasu, a taƙaice, ita ce rarraba aiki. Duwatsu da bishiyoyi da hazo, wato abubuwan da ba sa motsi, su ne ake zanawa da tawada ta gaske a kan takarda ta gaske. Dabbar da za ta yi motsi kuwa, da fensir ake fara zana kowane takunta. Sannan a dubi jikinta a raba shi gwargwadon duhu: inda ya fi haske daban, toka-toka daban, mai duhu daban, baƙin ƙaho da gefen ido daban. Ɓauna ɗaya takan rabu kashi huɗu ko biyar. Kowane kashi a shafa shi a kan nasa fallen roba mai garai-garai kamar gilashi. Daga nan aiki ya koma hannun mai kyamara. Za ta ɗauki falle na farko, ta mayar da fim baya, ta ɗauki na biyu a kan hoton farko, haka har a gama. Wani fallen ta ɗauke shi sarai, wani ta ɗan karkatar da idon kyamara ya fito dishi-dishi, wani ta ba shi haske da yawa, wani kaɗan. Da aka wanke fim, sai gefunan suka narke cikin juna, kamar tawadar da ta bazu a takarda. Wato bazuwar da mai zane ke samu da shafa ɗaya, su sai da suka gina ta hawa-hawa a cikin kyamara, hoto bayan hoto. In aka yi kuskure a hawa na huɗu, na ɗaya da na biyu da na uku duk sun lalace, sai a sake daga farko. Gwamnatin Sin ta ɗauki wannan dabara a matsayin sirrin ƙasa, ba a koya wa baƙi.

Fim na farko da suka yi da ita a 1960 shi ne labarin 'yan talibambam masu neman uwarsu, mai tsawon kamar minti 15, a kan salon Qi Baishi. 'Yan talibambam sun ƙyanƙyashe ba su ga uwarsu ba. Aka ce musu tana da manyan idanu, sai suka kama wani kifi mai manyan idanu suna kiransa inna. Kifi ya ce a'a, uwarku farin ciki gare ta. Suka je wurin ƙaguwa, ta ce uwarku ƙafa huɗu gare ta. Suka je wurin kififiya, nan ma ba ita ba ce. Sai da suka haɗa alamun duka sannan suka gane kwaɗo. Ɗan tireda da ya taɓa sayen kaya saboda alama ɗaya ta yi daidai, ya san darasin. Fim ɗin ya ci kyauta a Locarno ta ƙasar Suwizalan a 1961, da kuma Annecy ta Faransa a 1962. Bayansa ne Te Wei da abokin aikinsa Qian Jiajun suka yi Sarewar Makiyayi.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. A 1966 aka shiga abin da ake kira Juyin Al'adu, wanda ya ɗauki shekara goma. Aka zargi Sarewar Makiyayi da cewa babu gwagwarmayar talakawa a cikinsa, yana sa mutane sakankancewa. Aka hana nuna shi. Shi kansa Te Wei aka tsare shi shi kaɗai a ɗaki kusan shekara guda, daga baya aka tura shi aikin ƙarfi a ƙauye. Sai bayan wannan guguwa ta lafa fim ɗin ya sake fitowa, har ya ci lambar zinariya a birnin Odense na ƙasar Denmak a 1979, shekara 16 bayan kammala shi.

Daga nan fim biyu kacal suka ƙara yi da wannan dabara. A 1982 aka yi na wata yarinya da ɗan barewa mai ƙararrawa a wuya. A 1988 kuma Te Wei, yana da shekara sama da 70, ya jagoranci na ƙarshe, wanda sunansa ke nufin shauƙin dutse da ruwa. Labarin wani tsohon makaɗi ne da ciwo ya kayar a bakin kogi. Matashin da ke fito da kwalekwale ya ɗauke shi ya yi jinyarsa. Da tsoho ya warke, sai ya zauna yana koya masa kaɗa wani irin molo mai tsirkiya bakwai da ake kwantarwa a kaɗa. Da ya ga hannun yaro ya faɗa, sai ya miƙa masa molon nasa, ya juya ya shige cikin duwatsu da hazo. Matashi ya zauna a kan dutse yana kaɗa masa kiɗan sallama. A wannan wuri na ƙarshe, masu fim ɗin sun sa mai zane ya riƙa zuba tawada kyamara na ɗauka a lokacin, ana ganin yadda take bazuwa da kanta.

Ku lura da wannan: tsofaffin da suka yi fim ɗin su ma suna daf da ajiye aiki. Tsoho a cikin fim ya samu wanda zai miƙa wa molo. Su a zahiri abin bai zo musu da sauƙi haka ba.

Me ya faru? Fatake za su fi kowa ganewa. Ma'aikatan sun sha faɗin cewa lokacin da ake ɓatawa wajen ɗaukar fim ɗin tawada ɗaya ya isa a ɗauki na yau da kullum huɗu ko biyar masu tsawo ɗaya. A da, gwamnati ce ke biyan albashi, ita ce kuma ke saye duk abin da ma'aikatar ta yi, ko ya ɗauki shekara nawa. Da Sin ta buɗe kasuwarta, sai katun na Japan da na Amurka suka cika talabijin, ga yawa ga araha. Kamfanoni suka buɗe a kudancin ƙasar suna yi wa 'yan waje aikin zane, suna biyan kuɗi fiye da na gwamnati, matasa masu hannu suka bi kuɗi. A 1995 gwamnati ta daina sayen fina-finan zane kai tsaye, aka ce kowa ya nemi kasuwarsa. Wa zai kashe shekara a kan kayan minti 20 alhali maƙwabcinsa na fitar da sabon kaya kowane mako? Hausawa na cewa araha ba ta ado, gaskiya ne. Amma wanda ya zauna a kasuwa ya san araha ce ke fara ƙarewa a rumfa.

Akwai kuma dalili na biyu. Sirrin da aka ɓoye wa baƙi, a hannun mutane ƙalilan ya zauna. Ba abu ne da takarda kaɗai za ta riƙe ba: yawan hasken da za a ba kowane falle, da gwargwadon dishi-dishin da ya dace, a ido da hannun mai yi suke. Sai an zauna kusa da shi shekara da shekaru ake ɗauka. Da masu koyo suka yi ƙaranci, masu sani kuma suka tsufa, sai sana'ar ta tsaya a fim huɗu. Te Wei ya rasu a 2010.

Yau kwamfuta ta shigo. Matasan Sin na amfani da ita suna kwaikwayon bazuwar tawada, har a manyan fina-finai na gidajen kallo. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma kwamfuta bazuwar tawada kawai take iya ba ka. Sanin cewa in ɓauna ta shiga ruwa hanci da ƙaho da doro ne kaɗai za a zana, wannan sai wanda ya zauna ya kalli ɓauna, kamar yadda Li Keran ya yi a gefen garke.

Shi ya sa na kawo muku wannan labari, ku musamman. Makiyayi na hango saniyarsa daga nesa cikin ɗari, a cikin ƙura, da magariba, ya ce waccan ce. Bai ƙirga ƙafafunta ba, bai ga launinta sosai ba. Karkatar ƙaho ya gani, da yadda take jefa ƙafa. Dillali na shafa bayan sa sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa. Mai sayen fata na murza ta da yatsa biyu ya san jimar. Irin wannan ido ne manyan masu zanen Sin suka yi shekaru suna nema, har aka riƙa ba su lambobin yabo a ƙasashen duniya. Ku kuna da shi, kuma ba a rubuce yake ba. A hannunku yake, kamar yadda sirrin Shanghai ya zauna a hannun mutane ƙalilan.

Saboda haka, gobe in Allah ya kai mu, in za ka duba dabbar da ke ɗingishi, ko za ka taya kaya a kasuwa, kira yaron nan da ke gefe yana latsa waya. Kada ka ce masa komai da yawa. Ce masa ya zo ya tsaya kusa da kai ya kalla, in ya tambaya ka amsa masa. In kuma wayar tasa na da intanet, ku nemi fim ɗin nan na ɗan kiwo da ɓaunarsa ku kalla tare. Ba ya buƙatar tafinta. Ka tambaye shi a ina ruwan yake, ka ji abin da zai ce.

A nan za mu dasa aya. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Masu kiwo, Allah ya ba da ciyawa da ruwa, ya tsare garke. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A huta lafiya.